Hannun Baba a Ƙarƙashin Jar Mota

Jar motar nan ta tsufa tun kafin ta iso Gaya. Wani hafsan soja ne ya hau da ita daga bakin teku, da zai koma ƙasarsu ya sayar wa Baturen kamfanin da ke sayen fatu da gyaɗa a garinmu. Kujera biyu gare ta, ba rufi sai wani tamfol da ake naɗewa baya, ga dogon hanci, ga ta ƙasa-ƙasa kamar kada ya kwanta a kan yashi. Ko buhu ɗaya ba ta ɗauka. Ƴan kamiyo, masu manyan motocin kaya, suna mata dariya, amma in ta bi hanyar bakin kogi da gudu, har masunta sukan bar taru su ɗago kai.

A daminar da na dawo hutu daga lakwal, makarantar boko da nake yi a Yamai, motar ta fara ciwo. In an tayar da ita sai injin ya yi ta tsalle a cikin hancinta, ƙarfe na bugun ƙarfe. Baturen ya aiko a kira Baba.

Baba ya koyi gyaran mota a soja, lokacin da aka kwashe su zuwa yaƙin Turawa, kuma a garin nan shi kaɗai ne ke buɗe inji ya mayar. Ya duba motar ya dawo gida yana wanke hannu da toka, ya ce mini matasan injin ne suka mutu. Na ce inji ma yana da matashi? Ya ce kowane mai nauyi sai da abin da zai jingina. Injin yana da ƙafa biyu a gaba, dama da hagu, kowace tana zaune a kan sasi, wato ƙarfen da ke ɗauke da jikin motar. Tsakanin ƙafar da sasin akwai wata roba mai kauri, ita ke shanye jijjiga. Zafin ƙasarmu ya dafa robar har ta zama kamar busasshen ƙanzo. Sababbi kuwa sai Kotonu, in ma akwai su.

Sai ya yanka tsohuwar tayar kamiyo, ya fitar da faifai-faifai kamar tafin hannu, ya jera su bisa juna, ya huda tsakiyarsu da ƙarfen da ya gasa a wuta. Warin ya kori Inna daga tsakar gida. Ta ce in dai wannan ne aikin Nasara, gara jima.

Mai taya shi aiki ya bar shi ya koma jirgin fito, don haka ya dube ni.

"Ƴar lakwal, nuna mini hannunki."

Na miƙa. Ya juya shi kamar mai tayin kaza.

"Ba ya daka, ba ya ɗaukar tulu. To ko zai shiga inda nawa ba ya shiga? Cikin motar can matsattse ne kamar ramin ɓera."

Inna ta ce ɗiya mace ba ta shiga ƙarƙashin mota. Ya ce ba ƙarƙashi za ta shiga ba, daga sama za ta riƙe kile kawai, ƙarfen ɗaure noti. Haka aka yi na bi shi ranar Juma'a da hantsi.

A da, in zai ɗaga inji, ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gidanmu yake tura mota ya rataye shi a reshe. Wannan karon Baturen ya ƙi. Ba ya so ƴan kasuwa su ga ana tura motarsa a titi kamar akuya mai gardama. A cikin gidansa za a yi, bayan katanga. Babu itace mai reshe a wurin, kuma kirik ɗin ɗaga motar ya ɓata tun zamanin hafsan. Saboda haka tun ranar Alhamis Baba ya haƙa rami mai tsawon mutum, aka turo motar bisa kansa. Ya kafa gwafa biyu, ɗaya kowane gefe, ya rage abin da za a gitta a sama.

Kukun gidan ya nuna masa tarin azara da aka sauke daga tsohon madafi. Baba ya zaɓi wadda ta fi baƙi. Duk ɗan Gaya ya san giginya iri biyu ce. Namiji baƙi ne, tauri har ciki, gara ma ba ta cinsa, shi ake ɗora wa rufin soro ya wuce jikoki. Macen fara-fara ce, bayanta ne kawai ke da ƙarfi, cikinta kamar soso. Baba ya san wannan tun yana yaro. Ya ga baƙi, ya ce namiji ne, ya ɗora. Ba wanda ya kawo a ransa cewa itacen ya shekara da shekaru yana shan hayaƙin madafi.

Ya zagaya igiyar jirgin ruwa a cikin injin, ya ɗaure ta a azarar, ya sa sanda a tsakani yana murɗawa. Igiyar ta yi ta ƙara, injin ya tashi kaɗan, kamar kaurin yatsu uku. Ya ɗaure sandar ya shiga rami. Matashin hagu bai ba mu wahala ba. Ya ciro mataccen, ya tura sabon, ni kuma daga sama na zura hannu na riƙe kan bulon, ƙusa mai zaren da ke ratsa robar, da kile, shi yana ɗaurewa daga ƙasa. Har waƙar soja yake yi, wadda ba ya yi in Inna na kusa.

Baturen ya haye kogi tun da safe zuwa Malanbil. Da rana ta take, kuku da mai gadi suka yi alwala za su masallaci. Mai gadi ya leƙa ramin.

"Sarkin ƙarfe, ba ka zuwa?"

"Ku yi gaba, ɗaya ta rage. Zan same ku kafin liman ya hau."

Suka ja ƙyauren suka tafi. Gidan ya rage daga ni sai Baba sai wani ƙaton kare da ke ɗaure da sarƙa kusa da ƙofa.

Tsohuwar robar dama ta manne da sasin. Baba ya zura hannunsa na dama har wuyan hannu tsakanin ƙafar injin da ƙarfen, yana kankare ta da wuƙa. Ina tsaye ina kallon yatsunsa daga sama. Sai na ji wani ƙaramin sauti a bisa kaina, kamar an taka busasshen kara. Na ɗaga kai. Azarar ta buɗe baki a tsakiya, cikinta fari fat, wani gari-gari na zubowa. Kafin in yi magana ta lanƙwasa, injin ya sauka.

Baba bai yi ihu ba. Wani numfashi ya ja, irin na saniya in an kayar da ita. Na ga yatsun da nake kallo sun miƙe, sun tsaya.

"Baba."

"Kada ki taɓa igiyar."

"Baba, hannunka."

"Na sani. Dubi itacen. Ya rabu biyu?"

"Bai rabu ba. Yana rabuwa."

"To saura nauyi a kansa. In ya ƙarasa, hannun ya tafi." Ya sake jan numfashi. "Tare shi."

Da me? Na waiga. Ga guduma, ga kile, ga gwangwanin mai, ga takalmansa a bakin rami. Sauran azarar tana can bayan madafi, ko da na je ba zan iya ɗaga ɗaya ni kaɗai ba. Itacen ya sake yin wannan sautin. Ban san lokacin da na cire kallabina na naɗe shi gammo ba. Na taka hancin motar, ƙafa ɗaya kowane gefen injin, na shiga ƙarƙashin azarar daidai inda ta tsage, na sa kaina, na miƙe.

Rabona da ɗaukar kaya a kai tun ina ƙarama. Nauyin ya sauko ta wuyana ya bi ƙashin bayana har tafin ƙafa. Na ji haƙorana na cizon juna. Ƙarfen motar ya sha rana, yana ƙona mini ƙafa, ba halin in ɗaga ko ɗaya. Ban ɗaga injin ba, ba zan yi ƙarya ba. Sautin dai ya tsaya.

"Ya tsaya," in ji Baba daga ƙasa. "Me kika sa?"

"Kaina."

Can na ji yana karanta wani abu a hankali.

Na fara kira. Na kira da Hausa, na kira da Dendi, har da Faransanci na kira, ban san wa nake tsammani zai ji ba. Karen ya tashi yana haushi yana fizgar sarƙa, muryarsa ta rufe tawa. Duk namijin da ke garin yana masallaci. Daga nesa ina jin ladan. Na san huɗubar limaminmu, ba ya gaggawa, kuma in an sallame sai an tsaya gaisuwa a ƙofar masallaci. Na san wuyana ba zai kai ba.

Gumi ya shiga idona ban iya sharewa. Na dubi ƙasa ta tsakanin ƙafafuna, na ga yatsun sun fara canza launi, jini na bin sasin yana ɗiga a kan rigarsa. Gwiwata ta dama ta fara rawa. Na ce mata ta bari, ta ƙi. Na tuna da hannun nan yana ɓare mini gyaɗa, yana ɗaure mini akwati ranar da zan tafi Yamai, na ce a raina ni ce zan sake shi, ni ce zan ji ƙarar ƙashin.

"Baba, ba zan iya ba."

"To."

"Baba, ka ce wani abu."

"In kin gaji ki yi tsalle gefe, kada itacen ya same ki. Kin ji? Gefe, ba baya ba."

Wannan maganar ta fi nauyin ciwo. Na buɗe baki na yi wata ƙara da ba kalma a cikinta.

Bayan katangar akwai gidan masunta, inda ake daka tun safe. Sai na lura dakan ya tsaya. Wani kai ya leƙo ta saman katanga, tsohuwar da ke soya kifi a bakin tashar jirgi, wadda duk garin ke ce wa Iya. Ta dube ni tsaye a kan motar Bature ba kallabi, itace a kai.

"Ke ɗiyar makanike, wasan mi ne wanga?"

"Iya, Baba na ƙasa. Inji ya danne hannunsa. Ku zo."

Kan ya ɓace. Na ji tana magana da Dendi da sauri, na ji wata na cewa gidan Anasara ne, wata na cewa kare. Matan unguwar ba su taɓa taka gidan nan ba. An ce wata ta taɓa shiga bin kazarta, gardi, ɗan sandan Nasara, ya tsare ta wuni guda. Na ji gardamar tana tsawo, na ce shi ke nan.

Sai ƙyauren ya buɗe. Iya ce a gaba da kan kifi a hannu. Ta jefa wa karen can nesa iyakar sarƙarsa, ta ce masa, "Ci, ɗan banza, kai ma bawa ne." Mata huɗu ko biyar suka biyo ta suna raɓe da bango, biyu riƙe da taɓarya, don da ita suka fito saboda karen.

Iya ta durƙusa ta leƙa ramin.

"Sannu, maigida. Ina za mu kama?"

Baba ya gaya mata, muryarsa ta koma ƙarama. Su zura bakin taɓarya ƙarƙashin ƙafar injin, su jingina ta a kan sasi, su danna ɗaya bakin ƙasa. Taɓarya ɗaya ta shiga, ɗayar ta yi kauri, sai da suka juya ta. Suka danna, kowa da nata lokacin, injin ya motsa ya koma. Baba ya yi wani sauti da har yau nake ji in na rufe ido.

"Haba, ku kamar ba ku taɓa lugude ba," in ji Iya. "Tare. In na ce hm."

Ta ce hm. Suka kwanta a kan taɓaren gaba ɗaya. Nauyin da ke kaina ya ragu kamar an sauke mini tulu, Iya ta kama Baba ta kafaɗa ta ja. Na ji ta ce ya fita. Na yi tsalle gefe. Azarar ta ƙarasa karyewa, injin ya zauna a kan sasin da ƙara, taɓarya ɗaya ta tsage.

Ban iya tashi daga inda na faɗi ba. Da rarrafe na je wurinsa. Hannun ya yi faɗi ta inda bai kamata ba, ƙananan yatsun sun juya wani gefe. Iya ta naɗe shi da zanen goyon wata, ta ɗauki guntun azarar ta murje cikinsa da farce.

"Macce ce," ta ce. "Hayaƙi ya yi mata riga."

Baba ya dubi itacen, ya kau da kai.

Da aka sauko daga masallaci gidan ya cika. Aka ɗauki Baba zuwa dispansar, ɗakin shan magani na garin. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya wanke ciwon ya ɗaure, ya ja ni da kawuna gefe. Ya ce ƙasusuwan sun farfashe, jini ba ya isa yatsun sosai, wannan aikin likitan Dosso ne. In an kai shi yau, wataƙila a tsirar da wani abu. In an jira kamiyon wasiƙu, wanda sai wani mako, to daga gwiwar hannu za a yanke. Kawu ya ce a kira mai ɗori. Majo ya ce mai ɗori yana haɗa ƙashin da ya karye, ba wanda ya niƙe ba.

Kamiyon ƴan kasuwa duk sun tafi cin kasuwar Dioundiou. Mota ɗaya ce a Gaya ranar nan, ga ta can a kan rami, injinta ya karkace, ƙafa ɗaya ba matashi.

Baturen ya dawo ya tarar da mata a gidansa da jini a ƙasa. Ya fara faɗa, na gaya masa abin da ya faru da harshensa, ya cire hula. Ya ce zai kai shi, amma in aka tuƙa ta haka a kan wannan hanyar, fanka za ta huda tankin ruwa kafin a yi nisa. Sai an sa ɗaya matashin.

Maza suka kawo wata azara daga gidan wani magini. Sai da Iya ta sa aka sare bakinta da gatari kowa ya ga baƙi har ciki. Aka ɗora, aka murɗa igiya, injin ya sake tashi. Daga nan kowa ya tsaya yana kallon kowa. Maƙerin unguwarmu ya shiga ramin ya gwada, hannunsa bai wuce ba. Wani ya gwada, bai san me yake nema ba. Baba, da aka dawo da shi aka jingina da bango, fuskarsa kamar toka, ya ce, "Ɗiyata ta ga yadda aka yi na hagu."

Inna ta iso a lokacin. Na jira ta ce a'a. Wallahi na so ta ce a'a. Ta dube ni, ta dubi hannun da ke naɗe, ta kwance ɗankwalinta ta ɗaura mini.

Ramin yana warin mai da jini. Na kwanta a inda ya kwanta, ƙasar ma ba ta huce ba. Injin yana bisa fuskata, baƙi, yana ɗan lilo. Na ga wurin, na ga abin da ya rage a jikin ƙarfen. Na ɗaga hannu, ya ƙi tafiya.

"Kin ga ramin bulon?" Muryar Baba ta zo ta gefen taya.

"Na gani."

"Kankare sauran robar tukuna. Da wuƙa, ba da yatsa ba."

"Baba, yana motsi."

"Iska ce. Mutum shida na riƙe da shi. Kankare."

Na kankare. Duk ƙarar da igiyar ta yi sai na fizge hannuna, har na yanke a gefen ƙarfe ban ji ba. Sabuwar robar ta fi wurin kauri kaɗan. Na ce a ƙara ɗagawa, aka murɗa, itacen ya yi ƙara, na rufe ido na tura ta da gindin wuƙa. Ta shiga a karkace. Ramukan ba su haɗu ba. Na fara kuka, ina kuka ina bugunta da kile, ina ce mata don Allah.

"Kada ki buge ta," in ji Baba. "Zura siririn ƙarfen nan ta sama, ki juya a hankali. Za ta bi."

Maƙerin ya zuro ƙarfen daga sama. Na kama bakinsa na juya. Robar ta gyara zama. Bulon ya wuce, na ɗaura masa ekuru, wato noti, da yatsun da ba na ji, maƙerin ya riƙe kan, na ja kile har kafaɗata ta yi ƙara. Aka sassauta igiya. Injin ya zauna shiru a kan tayar kamiyo.

Da suka jawo ni waje na yi amai a gindin katanga.

Kujera biyu ce, don haka Baba ya zauna gaba, hannun a ɗaure a ƙirjinsa, ni kuma na dunƙule a bayansu inda ake naɗe tamfol, ina riƙe da kafaɗunsa. Ruwan sama ya cinye hanyar wuri-wuri. Duk ramin da muka faɗa sai in ji jikinsa ya ƙage, ni kuma kunnena na kan injin, ina jiran ƙarfe ya bugi ƙarfe, ina jiran abin da na ɗaure ya kwance a tsakiyar daji. A wani wuri Baba ya daina amsa mini. Na yi ta magana a kunnensa, na ba shi labarin lakwal, na lissafa masa sunayen ƙawayena, abin da ya zo bakina. Haka muka yi ta tafiya har muka ga Dosso.

Likitan ya cire yatsu uku, daga ƙaramin zuwa na tsakiya. Babban yatsa da manuni ya ce sai an jira a ga ko za su rayu. Na kwana a barandar asibitin tare da wasu mata masu jinya, wuyana ya kumbura ba na iya juya shi, in zan dubi mutum sai in juya duk jikina. Har yanzu da nake rubutun nan, in wani ya taka kara a bayana sai in tsinci kaina a tsaye.

Bayan ƴan kwanaki, da safe, likitan ya kwance ƙyallen. Abin da ya rage na hannun ya kumbura, ga zare baƙi-baƙi. Ya tsikari babban yatsan da allura, Baba ya ce ya ji. Ya tsikari manunin, Baba ya ce kamar daga nesa. Likitan ya ce in gaya masa ya gwada kama wani abu. Na waiga ban ga komai kusa ba, sai na sa ɗan yatsana a tsakanin nasa biyun.

Muka jira. Gumi ya tsattsafo a goshinsa. Babban yatsan ya matso a hankali, manunin ya yi rawa, ya tsaya, ya sake matsowa.

"Kin ji?" ya ce.

Kamun bai fi na jariri ƙarfi ba. Na ce na ji.